Alƙalin Wasan da Bai Kalli 'Yarsa Ba

Malam Maharazu direban bas ne a Tottenham, amma ran Lahadi alƙalin wasa yake komawa. Tun yana makaranta a Katsina wani malami Ba'amurke ya koya masa softball, wasan nan na buga ƙwallo da kulki. Da ya zo London a 1983 sai ya shiga alƙalancinsa a Regent's Park. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa cewa ya yi son kai ba, shi kuwa ba ya gajiya da faɗin haka, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Dokar da ya fi ji da ita ita ce ta tare hanya: in mai bugu ta fito daga gurbinta ta tare mai cafe ƙwallo da ke bayanta lokacin da za ta yi jifa, to ta fita, babu roƙo.

Sai ga wasan ƙarshe na 1994, Shafa'atu, 'yarsa ta fari, ta fito riƙe da kulki. Malam kuwa ɗan gargajiya ne. Kunyar 'yar fari ta hana shi kiran sunanta tun haihuwarta, balle ya tsura mata ido a bainar jama'a. Ƙwallo na wucewa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

A daidai nan Shafa'atu ta yi taku ɗaya ta fito daga gurbinta, kafaɗarta ta bugi hannun Angelina, mai cafewa ta ɗaya ƙungiyar. Jifan ya karkace, ƙungiyar Shafa'atu ta ci wasan. Kowa a filin ya gani, ban da alƙali.

Angelina, 'yar zangon Kumasi, ta cire hular kariyarta ta ce, "Baba Maharazu, don ɗiyanka ne, ko? Ka gani ka yi shiru!"

In Malam ya ce ya gani, ya zama maƙaryaci. In ya ce bai duba ba, wane irin alƙali ke nan? Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

A bas, kan hanyar gida, ya ce wa 'yar tasa cikin sanyin murya, "Wallahi ke, ban gani ba. Da na gani da na fitar da ke."

Shafa'atu ta amsa da Turancinta na 'yan London, ko fushi babu a muryarta.

"Na sani, Baba. Ai ba ka taɓa kallona ba. Don ka kalle ni na shiga wasan."