Ranar da kalangu ya tona asirin Baba

Shekarun baya kaɗan, wani abokina ya ba ni tikiti biyu na bikin wasannin gargajiya a rufaffen zauren nan da ke gefen babban filin ƙwallo na Abuja. Ni ɗan ƙwallo ne, ban san komai a dambe ba, amma abin kyauta ba ya wuce ni. Na ce bari in ɗauki mahaifina ya sha iska.

Lokacin Baba bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, hawan jini ya kusa kayar da shi a shagonsa na yadi. Mutum ne mai sanyi, ko tsawa ban taɓa jin ya yi ba. Da ƙyar mahaifiyata ta yarda. "Likita ya ce ban da hayaniya. Amana na ba ka, ka dawo min da shi yadda ka ɗauke shi."

Muka samu kujera a gaba, kusa da makaɗa. Ina ta yi wa Baba bayanin dambe kamar wani gwani, shi kuwa sai gyaɗa kai yake yi. Can na lura wani tsohon makaɗi ya ƙura masa ido. Ya matso, ya sake dubawa, sai kawai ya sauya kiɗa.

Ashe kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da in ya ji ba ya iya zama. Ni dai na ga ƙafar Baba tana rawa. Na zaci ciwon ne, har na fara lalubo magani a aljihu. Kafin in ɗago ya tuɓe babbar riga ya jefo min, ya tsallake igiya da wannan tumbin nasa, ya ɗaga hannun hagu yana kirari da wata murya da ban taɓa ji a gidanmu ba. Na zabura zan bi shi. Mai gadi, wani ɗan Binuwai, ya riƙe ni yana cewa, "Oga, ka bari, baba ya san hanya."

Sai ga wani ƙato, saurayin da ya gama kayar da mutum, ya nufo Baba da naɗaɗɗen hannu. Na ce shi ke nan, yau zan kai gawa gida. Ya zo gab da Baba, ya tsaya, sannan ya sa gwiwa a ƙasa. A dambe wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, wato an yi nasara a kansa. Zauren ya ɗauki ihu, ni kuwa ina tsaye rungume da riga ina hawaye.

A mota Baba ya ce ya ajiye dambe ne tun kafin a haife ni, don sharaɗin da kakana ya kafa ke nan kafin ya ba shi aure. "Kada ka faɗa wa uwarka."

Mun makara. Wata maƙwabciya ta riga ta turo mata bidiyon. Muka tarar da ita a bakin ƙofa da waya a hannu, na fara haɗa ƙarya a raina. Ko kallona ba ta yi ba. Ta dubi Baba ta ce, "Alhaji, ka tsallake baiti ɗaya a kirarin." Ta karanto masa shi tsaf, sannan ta ce ya wuce ya sha magani.

Har yau in na bi ta gaban zauren nan sai gabana ya faɗi. Na girma a gidan mutanen nan biyu ina ganin na san su ciki da waje, ashe ni ne baƙo a cikinsu.