Yadda Na Kai Rago Mai Facin Jijiya Tireshbil

Ajame

Ƙarfe biyar da rabi na ranar Talata, ana idar da sallar asuba, na kwance ragon. Wana Ila yana zaune a zauren gidanmu na unguwar Ajame, ya miƙe ƙafar hagu wadda ta yi sanyi ƙalau tun da ya dawo daga yaƙin Jamus da rauni a cinya. Likitan asibitin unguwar Tireshbil ya ce jijiya mai bugawa ce ta lalace: ko a yanke ƙafar, ko a ciro jijiya marar bugawa a yi masa faci da ita. Amma sai ya ga yadda facin zai yi a jikin dabba tukuna. Wata huɗu ke nan da ya ɗinka wa ragona irinsa a wuya, yau kuma zai buɗe ya duba.

"Sani, kada ka ɓoye min komai," in ji Ila.

Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka."

Hanya

Motar gawayi ta ɗauke mu, kilomita uku zuwa unguwar Filato. Direban, wani ɗan ƙabilar Bajule, ya ce kuɗin motar ragon ma tamma biyu ne. Na ce to a ba shi kujera. A bakin gadar da ke iyo kan ruwa jandarma ya tsare mu, ya duba takardar likita a juye, ya ce mu wuce. Ragon ya ga ruwa ya turje, na saɓa shi a kafaɗa.

Tireshbil

Bakwai da kwata muka isa asibiti. Likita ya fito da allura. Tafinta ya ce da ita za a kashe ragon, domin wuƙa za ta datse facin.

Raina ya ɓaci. Shekara ashirin ina fawa, dabba ba ta taɓa zama mushe a hannuna ba. Amma in wuƙata ta taɓa facin nan, ƙafar Ila ta tafi.

Na ce, "Gaya masa ya nuna min inda ɗinkin ya tsaya."

Likita ya ɗora yatsa. Tsakanin nan da maƙogwaro, wanda dole ya koma ɓangaren kai kafin nama ya halatta, faɗin yatsu biyu ne kacal. Ya ce ba zai yiwu ba. Na ce ya riƙe ƙafafu kawai. Na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla, na ja sau ɗaya.

Da ya tsaga wuyan, ga facin lafiya lau. Jijiyar da na sani da laushi tiɓis kamar hanjin kaza ta yi kauri, ta yi tauri, cikinta sumul, ba gudan jini. Ya ce bugun jinin ne ya ƙarfafa ta. Ya miƙo min hannu, jini da jini muka gaisa. Ya ce a kawo Ila ran Litinin.

Gida

Da azahar na shigo Ajame da nama a buhu. Na tarar da kafinta tsugune gaban Ila, yana awon ƙafar katako. Ashe Ila yana ganin fitata ya aika a kira shi. Ya kasa duban fuskata.

Na ce wa kafinta, "Malam, naɗe igiyarka, ka tsaya ka ci nama."

Alhamdulillahi, da haka tafiyar ta ƙare.