Kankanar Nevena Ta Fito Ja, Bai Zdravko

Ranar Talata, huɗu ga Maris, da hantsi, Ralitsa ta buga min waya ta ce mahaifinta ya cika a gidansa da ke birnin Plovdiv. Kai ke nan, Zdravko Pehlivanov, wanda muke kira Bai, wato dattijo, ka tafi kana da shekara saba'in da ɗaya. Na san ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. Ka yafe min, ni ce Tsveta, ka san cikina ba ya riƙe magana, kuma yau raina a ɓace yake.

Shekara goma sha tara ke nan da na shigo kamfaninmu, inda muke rubuta manhajar da ke nuna hoton ƙirji a ƙananan asibitocin ƙauyukan kan dutse. Kai ka rubuta gindinta da tsohon harshen kwamfuta Fortran tun ina rarrafe, mu kuma muka ɗora namu a kai da sabon harshe, C++. A makona na farko linka, wato abin da ke ɗinke sassan biyu su zama manhaja ɗaya, ta ƙi ni ƙememe. Kurakurai sama da ɗari biyu, duk magana ɗaya: ta nemi abu ba ta same shi ba. Ina share hawaye ka jawo kujera, ka tura min rabin banitsarka, gasasshen fanken nan mai cuku.

"Ba gaba suke yi ba, 'yata," ka ce. "Kowanne da yadda yake kiran ɗan'uwansa, kuma ba wanda ya gabatar da su. Zo mu yi musu gabatarwa."

Kafin banitsar ta huce manhajar ta ɗinku.

Kowane mai wannan aiki yana da hoton gwaji. Naka hoton marigayiya matarka ne, Nevena, a bakin teku riƙe da yankin kankana. Da shi ka koya mana yadda kwamfuta ke jera ɗigon hoto layi-layi. In kankanar ta fito shuɗiya, mun musanya ja da shuɗi. In Nevena ta karkace, mun manta cikon da ake yi wa kowane layi. In muka karanto layukan daga inda bai kamata ba, sai ka leƙo ka ce wa ya juya maka matarka kai ƙasa. Ba manhajar da ta taɓa fita zuwa asibiti sai Nevena ta tsaya daidai.

Shekara biyu da suka wuce sabon manaja, Momchil, ya sallame ka, wai zamani ya wuce ka. Aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta. Amma a Janairun nan da linka ta sake ƙi, asibitoci sha huɗu suna jira, wa aka nema? Ka zo a motar haya cikin sanyi, kana hutawa a kowane hawan bene saboda numfashi. Ka gyara kafin la'asar. Aka miƙa maka kwalin cakulan, ko kujerarka ta da ba a ce ka zauna ba. Ina wurin na yi shiru, kuma kunyar wannan shirun ba za ta bar ni ba.

A takardar rasuwarka da suka manna a ƙofar kamfani, "tsohon ma'aikaci" kawai suka rubuta. A maƙabarta Momchil ya zo da furanni sun fi na kowa girma. Yana cin dafaffiyar alkamar sadakarka ya matso kusa da ni ya ce masu sayen kamfanin za su zo Juma'a, in goge sunanka daga kan fayilolin, in cire hoton matar nan mai kankana in sa tambarin kamfani. Ya ce in ba zan iya ba, akwai masu neman kujerata.

Ga amsata, malam manaja, a rubuce inda kowa zai gani: ba zan goge ba. Hanyar ƙofa na san ta, na ga yadda ka nuna wa wanda ya fi ni.

Bai Zdravko, jiya na karɓo hotonka wurin Ralitsa, wanda kake sanye da tsohuwar rigar sanyinka, na haɗa shi gefen na Nevena. Yau da safe na gwada. Linka ta ɗinke ba ko kuskure ɗaya, ku biyun kuka fito a tsaye, kankanar ja wur. Shi baƙin za su fara gani ranar Juma'a.

Allah Ya jiƙanka, Bai Zdravko, Ya sa ka huta kusa da ita, ƙasa ta yi maka sauƙi. Ralitsa, ke da 'ya'yanki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu da muka yi shiru a Janairu, Allah Ya yafe mana.