Babban Yatsan Baba Ilu

Ranar da ba na mantawa da ita a aikin malamin gona, ko kusa da gona ba na nan. Ina Wangsa Maju ne, a shagon mamak, wato mai shayin can ƙasar, bayan la'asar, na tasa roti da shayi a gaba, wata huɗu da turo ni Kuala Lumpur ƙaro karatu. Sai ga kiran Malama Rabi, wadda ta gaji kujerata a sashen gona na ƙaramar hukumarmu. Can gida hantsi ne.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: idan amfanin gona ya lalace ko farashi ya karye, gwamnati kan biya manomi tallafi. Malamin gona ne ke zuwa ya ga gonar da idonsa ya rubuta suna. Damina mai zuwa sai a kira manomin ofis ya ɗora babban yatsa a kan na'ura. In ta nuna kore a biya shi, in ta nuna ja ya kama hanyar gida.

Rabi ta ce Baba Ilu ja yake samu. Wannan tsoho ni na auna gonarsa shekarar da ambaliya ta kwashe masa masara, na nutse a taɓo har ƙugu, wasu ma sun ce har wuya, don ni ba dogo ba ne. An gwada yatsu goma, an jiƙa su da ruwa, an shafa man kaɗanya. Babu. Ƙotar fartanya ta shafe zanen yatsun tas, hannu ya koma kamar tafin raƙumi. Kuma ran Juma'a za a rufe rajista.

Nan take na kira Daraktan sashenmu. Na gaishe shi har da durƙusawa, mai shagon yana kallona kamar na zautu. Na ce, Yallaɓai, ni ne shaida, ga hoton gonar, ga sa hannun mai unguwa, doka ma ta ba ka ikon amincewa da hannu. Ya ce shi ba zai yi jayayya da na'ura ba. Sannan ya ba da shawarar da har yau in na tuna sai shayi ya sarƙe ni.

"Ku gaya masa ya huta da noma mako biyu, zanen zai dawo. Sai mu duba ko za a buɗe masa."

A tsakiyar damina, lokacin maimai! Wato don mutum ya tabbatar wa gwamnati shi manomi ne, sai ya daina noma. Ranar nan kuwa, in ji Rabi, direban ofis da wasu 'yan gari masu hannu kamar na jarirai duk sun sami kore. Mutanen da ba za su bambance gero da ciyawa ba ko da an rubuta musu suna a jikin kara.

Na sake kiran Rabi, ta miƙa wa tsohon waya. Na yi ta kame-kame ina isar da saƙon. Ya saurara har na gama, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambaya ko ana samun tuwo a inda nake. Sannan ya ce, "Ɗana, in na zauna mako biyu, ciyawa ce za ta zo karɓar tallafin. Ka gaida Darakta." Ya hau kekensa ya koma gona. Juma'a ta zo aka rufe, babu sunansa.

Da na koma masauki na ɗora yatsana a na'urar ƙofar bene, ta buɗe kafin in ƙifta ido. Shekara goma sha tara ina malamin gona, zanen yatsana ko ƙwarzane babu.

Don haka ku 'yan'uwana ma'aikata da za ku koma bakin aiki, in na'ura ta nuna muku ja, kada ku tsaya kallon allo. Ku juya hannun mutumin ku duba. Shi ne kuke nema.