Yafiyar da Aka Yi da Yatsan Yaya

Baffanmu mutum ne mai son yafiya, musamman in abin da za a yafe ba nasa ba ne. A unguwarmu ta Dar Salam, can bayan Omdurman kusa da Khartum, ba a zaman sulhu sai da shi. Yana da farar jallabiya da wani dogon rawani da ya keɓe don wannan aikin kaɗai. In aka cinye wa wani akuya, shi zai miƙe a tsakiyar jama'a ya ce an yafe saboda Allah, a shafa fatiha, a yi ta sa masa albarka, mai akuya kuma ya koma gida ba akuya.

Yayata mai shayi ce a bakin tashar motoci ta kasuwar Suk Libya. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yan mata biyu, ga ni kuma, don da kuɗin shayin nan ta yi mini karatu har na zama malamin firamare. Mutum ashirin za su zauna a kan ƙananan kujerunta, wannan na son na'ana'a, wancan ba ya shan sukari, wani sai an sa masa citta a gahawa, ba ta taɓa tambayar kowa sau biyu ba. Tana hira ta ba kaskon suya baya, amma da hanci take sanin gahawa ta soyu.

Wata safiya tana tsallaka titi da jarkar ruwa, wata bas ta yo baya ta ture ta. Ta faɗi ƙeyarta ta bugi dutsen gefen titi. Ko ɗigon jini bai fita ba, kuma wannan ne ya cuce mu. A asibiti likita ya haska mata fitila a ido, ya tambaye ta sunanta ta faɗa, ya rubuta a takardar 'yan sanda cewa kumburi ne a ƙeya, babu karaya. Kafin la'asar muna gida. Direban kuwa aka tsare shi a ofishin 'yan sanda har sai an ji ta bakinmu.

A rana ta uku dangin direba suka zo da buhun sukari da jarkar mai. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gida, Baffa ya fito da rawanin nan. Ya fi rabin awa yana magana. Ya ce kakanninmu da ƙafa suka tako ƙasar nan a kan hanyar Makka, ba neman duniya ya kawo su ba. Ya ce mu ba mu gaji cin kuɗin ciwo ba. Ya ce direban nan talaka ne mai iyali, ƙaddara ce ta faɗa masa. Baƙi suna ta gyaɗa kai suna cewa wallahi ku mutanen kirki ne, Baffa yana ƙara kumbura. A duk tsawon jawabin bai leƙa ɗakin da mai ciwon take kwance ba.

Sai aka ce 'yan sanda ba za su saki mutum da fatar baki ba, sai da tanazul, wato takardar sauke haƙƙi. Duk idanu suka dawo kaina. A nan ne nawa rabon wautar ya zo. Ina da kyan rubutun Larabci, kuma na san ina da shi. Na ɗora takarda a gwiwa na tsara ta kamar mai rubuta wa minista. Har na ƙara da cewa ta sauke duk wani haƙƙi nata, na yanzu da wanda zai iya tasowa nan gaba. Ba wanda ya sa ni. A wata takardar haya na taɓa ganin jimlar, ta yi mini daɗi a kunne. Da na karanta a bayyane wani dattijo ya ce kai, wannan ai muhami ne, wato lauya, na sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Na shiga ɗaki da takardar. An rufe taga da zane don haske na sa ta kuka, ga kwanon da ta yi amai a gefen gado.

"Yaya, Baffa ya ce an yafe wa mai motar nan. Za ki sa hannu."

"Wace mota?"

"Wadda ta buge ki."

Ta kalle ni ta ce, "To."

Ni na kama babban yatsanta, na goga masa tawadar biro, na danna a ƙasan rubutuna. Hannun ya yi nauyi kamar na mai barci. Na fito na miƙa wa Baffa, aka shafa fatiha, aka sha shayin da maƙwabciya ta dafa.

Bayan wata guda ta koma bakin aiki. Ranar farko gahawa ta ƙone ƙurmus a bayanta, hayaƙi ya turnuƙe, ita ba ta ji komai ba. Hancin ya tafi. Ta riƙa ba mai ciwon sukari shayi mai cokali uku, ta tambayi mutum me zai sha, ta juya ta sake tambayarsa. Wani ɗan kamasho ya yi mata dariya, ta jefe shi da kofi, matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Sannu a hankali masu shan shayinta suka ja kujerunsu zuwa wurin mai shayin da ke kusa da ita. Wata rana ta sauka a tashar da ba tamu ba, ta zauna a gindin bango har wata mata da ta san ta ta rako ta gida. Daga baya farfaɗiya ta shigo.

Unguwa kuwa ba ta rasa masana. Wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a, wasu suka ce ta zubar da ruwan zafi a kan 'ya'yan aljanu. Baffa ya ce a yi mata rubutu ta sha, ya ce ai mota ta riga ta wuce, an yi lafiya. Sai da muka sayar da kujerun da tukwanen muka kai ta wani asibiti a Khartum aka ɗauki hoton kanta. Likitan ya nuna mini wani tabo a hoton, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta bugu, ta zubar da jini a ciki tun ranar. Ya ce wasu abubuwan za su dawo, wasu ba za su dawo ba, magani kuma na kullum ne. Sannan ya tambaye ni ina maganar diyya ta tsaya. Na ce mun yafe. Ya cire tabarau ya dube ni.

Lauyan da na samu yana wani ɗan ofis a saman shaguna a Suk Arabi. Ya karanta kwafin takardar sau biyu.

"Muhamin kamfanin inshora ne ya rubuta muku wannan?"

"Ni ne, Ustaz."

"Ma sha Allah. Da za su gan ka da sun ɗauke ka aiki."

Shi ya fahimtar da ni abin da duk rumfarmu ba wanda ya sani, ko ya damu ya tambaya. Motar tana da inshora. Da an bar shari'a ta yi aikinta, direba zai fito a kan beli, kotu ta jira rahoton likitoci, kamfanin inshora ya biya, ba talakan da Baffa ya yi wa kuka ba. Wato duk jawabin kakanni da hanyar Makka, wani kamfani mai bene da na'urar sanyaya ɗaki muka yi wa sadaka, shi kuma bai ma san mun yi ba balle ya gode.

Ya ce hanya ɗaya ta rage: a nuna wa kotu cewa lokacin da aka dangwala yatsan ba ta cikin hayyacinta. Rahoton likita zai taimaka, amma ana bukatar waɗanda suka halarci zaman su shaida.

Na sami Baffa yana alwala. Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan, har maganar kuɗin magani da makarantar yaran.

"Wato so kake in je mahkama gaban alƙali in ce na yi ƙarya."

"A'a, Baffa. Ka ce dai ba ka shiga ka gan ta ba."

"In tsaya gaban mutane in yafe, yanzu in koma in lashe amaina? Gobe wa zai kira ni sulhu a unguwar nan?"

Gaskiya ya faɗa: abin da ke gabansa ke nan. Sauran dattawan kuwa kowa ya ce sai abin da Baffa ya ce. Ɗaya ya ce shi ranar ma idonsa na ciwo.

Ita Yaya ta fahimci maganar sarai, a ranakun da kanta ya washe. Ta yi fushi irin wanda ya dace, ba irin na jifa da kofi ba. Muka yi makonni muna bitar abin da za ta gaya wa alƙali. Kullum bayan la'asar ina tambaya tana amsawa, babbar 'yarta na gyara mata in ta ɓata. Ta iya shi tsaf.

Ranar shiga kotu matan gida suka tashi da nasu gwanintar. Wai ba a zuwa gaban hukuma a wulaƙance, kada a raina mu. Aka yi mata lalle, aka ara mata tob mai tsada, dogon mayafin nan na matan ƙasar, aka sa mata kwalli da turaren da ita ba ta ji. Ta fito kamar uwar amarya. Lauyanmu da ya hango ta ya dafe kai. Na kamfani kuwa har da yi mata barka da samun sauƙi.

Ɓangaren kamfani ne suka kira Baffa shaida, ya zo da rawaninsa. Ya rantse ya ce lafiyarta ƙalau a ranar, ya ce a gidanmu ba a yi wa mace dole. Ban ce ya yi ƙarya da gangan ba. Ina jin ya faɗa wa kansa labarin sau da yawa har ya zauna masa. Da aka zo kaina na faɗi komai, amai da taga da nauyin hannun. Lauyan kamfani ya miƙe a hankali.

"Kai malamin makaranta ne?"

"E."

"Wannan rubutunka ne?"

"Nawa ne."

"To ko dai ka zalunci 'yar'uwarka a ranar, ko kana yi wa kotu ƙarya yau. Wanne za mu rubuta?"

Na ce a rubuta na farko. Ya yi murmushi ya ce mutumin da ya amsa wannan da bakinsa, yaya za a yi da sauran maganarsa. Game da hoton kai kuma ya ce an ɗauke shi bayan watanni, wa ya san inda ta sake faɗuwa.

Sannan alƙali ya juya wurinta. Bai yi mata tsawa ba, da ladabi ya yi magana. Amma ɗakin ya cika da mutane, fanka na ƙara, ana ta shige da fice, irin wurin da kanta ba ya ɗauka.

"Ya Hajja, kin san wannan takarda? Da yardarki aka yi ta?"

Na ga lokacin da komai ya zube mata. Ta dubi alƙali, ta dube ni, ta dubi Baffa da ke zaune a gaba ya kafa mata ido. Ta gyara tob ɗinta, ta yi abin da aka koya mata tun tana yarinya.

"Alhamdu lillahi, Maulana. Abin da manya suka yi, shi ke nan."

Alƙali ya yi rubutu, ya ɗan fita ya dawo, ya ce takarda na nan daram, an kori ƙara. A baranda lauyan kamfani ya kama hannun Baffa da hannu biyu, ya ce da kowa irinsa ne da kotuna sun huta. Wannan kam na yarda da shi. Baffa ya karɓi yabon kamar yadda ya saba, ya ce mu je gida, ya ce komai ya wuce. Ban shiga motar da ya shiga ba.

Ni da Yaya muka hau bas a baya. Ta jingina kai da gilashi, har na ɗauka barci take. Muna kan gada, ruwa na ƙasanmu, sai ta taɓa mini gwiwa. Idonta ya washe, muryarta ta dawo irin ta da.

"Auta, wai yaushe za mu wurin alƙalin nan?"

Na ce, "Saura kaɗan, Yaya."

"To ka tambaye ni mu gani ko ban manta ba."

Na tambaye ta. A cikin bas ɗin nan, tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani soja mai gyangyaɗi, ta faɗi komai bi da bi ba ta tsallake ko ɗaya ba: jarkar ruwa, dutsen, duhun ɗaki, gahawar da ta ƙone, kujerun da aka sayar, kuɗin makarantar yara. Ta ce za ta gaya masa ba ta san lokacin da aka kama mata yatsa ba, ba ta kuma san wanda ya kama ba.

"In ya ce kin yafe fa?"

"Zan ce masa ban yafe ba. Ba wanda ya tambaye ni." Ta gyara zama, ta dube ni da jin daɗi. "Na iya ko?"

Na ce ta iya.