Torquil Geddes, Ka Tafi Ba Ka Wanke Murdo Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba, ina shanyar wanki a bayan gidanmu, maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta ce ka rasu da hantsi a asibitin Elgin. Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, da ni da kai duka. Jaridu sun cika da yabonka, wai shekara arba'in babu giyar wuskin da ta yi suna a ƙasar nan sai wadda hancinka ya yarda da ita. Ni ce Effie Buchan, matar Murdo mai kula da gangunan kamfanin wuski na Glenskerry, kuma ba yabo ne ya zaunar da ni ba. Ka ɓata sunan mijina a rubuce, ka yi alkawarin gyarawa a rubuce, ka mutu ba ka gyara ba.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Shekarar da ƙanƙara ta rufe hanyar Dufftown, kai ka ɗauke ni a motarka ina naƙudar 'yarmu Shona, kana tuƙi kana ba ni labaran banza don in daina kuka. Hannunka a sake yake, kuma ka iya sa mutane dariya. Na faɗa, na sauke wannan nauyin.

Akwai gangar da Murdo ya cika da hannunsa a shekararsa ta farko a wurin aiki. Shekara talatin da ɗaya yana lallaɓa ta, yana sauya mata wuri in danshi ya yi yawa. Wuski ne mai sanyin hali, ƙamshin zuma da tuffa, irin wanda sai ka natsu yake buɗe maka. Ranar da za a fitar da shi masu kamfanin suka gayyato ka. Ka iso da azahar daga wani taro inda ka ɗanɗana kofi takwas na wuskin tsibirin Islay, mai warin hayaƙin nan da ke manne wa harshe kamar kwalta. Ko mai share daɓen rumbun ajiye ganguna ya san ba a ɗora mai laushi a kan mai hayaƙi.

Murdo ya miƙo maka ruwa da biskit ya ce, "Yallaɓai, a ɗan jira ko awa ɗaya ce. Bakinka duk hayaƙi ne."

Ka yi dariya a gaban iyayen gidansa. "Murdo, kai mirgina ganga ka iya, tsaya a nan. Harshena ba ya bukatar wanki."

Ka kurɓa sau ɗaya, ka tofar, ka duba agogo. A shafinka na mujallar watan da ya biyo baya ka ba shi maki sittin da biyu cikin ɗari, ka kira shi ruwan ɗauraye kofi. Hakan bai ishe ka ba, sai da ka ƙara cewa duk wanda ya zaɓi wannan ganga hancinsa ya daɗe da mutuwa. Masu kamfanin suka juye ta cikin wuskin gauraye na kanti, suka cire Murdo daga zaɓen ganga suka mayar da shi lodin mota. A mashaya abokansa kan tura masa kofi su ce, "Murdo, sunsuna mana, shayi ne ko miya?" Yana taya su dariya, ya dawo gida ya ƙi cin abinci.

Bayan shekara shida aka yi gasar ɗanɗano a zauren gari, kwalabe a lulluɓe, lamba kawai a jiki. A Glenskerry al'ada ce a ba mai rumbu kwalba guda daga gangar da ya rena. Ni na ɗauko ta Murdo ba da saninsa ba na sa a layi. Da safe ne, bakinka fes. Ka daɗe da hanci a cikin kofin, ka ba shi casa'in da biyar, ka ce rabonka da irinsa tun kana saurayi. Da na matso na gaya maka gangar da ya fito, sai ka ja ni gefe.

"Effie, don Allah kar ki tona ni a nan. Zan rubuta da kaina, wata mai zuwa."

Na ga ka buɗe koren littafinka ka cika shafi guda, har da sunan Murdo. Na yarda da kai, na ja bakina na yi shiru. Yau shekara tara ke nan. Na rubuto maka wasiƙa huɗu. Ka aiko mana da katin Kirsimeti, kai ko kunya babu.

Yanzu Murdo ya fara mantuwa. Yakan rasa sunan jikokinsa, amma bai manta ranar zuwan mujalla ba. Yana buɗe ta daga baya, inda shafinka yake, ya bi da yatsa har ƙasa, ya rufe. Da na gaya masa ka rasu, sai ya ce, "Allah sarki. Mutumin yana da hanci, Effie, ranar ce kawai ta zo masa a karkace." Ya ce in goge masa baƙar kwat ɗinsa, zai je coci ya raka ka. Wallahi wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Catriona, ina miki ta'aziyyar mijinki, ke da 'ya'yanku Ruaridh da Ailsa. Allah ya ba ku haƙuri, ya cike muku gurbin da ya bari. Ba ku yi mana komai ba. Amma koren littafin nan nasa yana cikin gidanki, kuma likita ya ce zuwa bazara da wuya Murdo ya iya haɗa jimla ya gane ta. Ki yage shafin ki kai wa mujallar, ko ki kawo mini in karanta masa da bakina.

Kai kuma Torquil, Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya saurare ka da haƙurin da ba ka ba wa mijina na awa ɗaya ba. Murdo ya yafe maka, har ya fara manta abin da ya yafe. Ni ina nan da hankalina, kuma ban yafe ba tukuna.