Kaushila Ta Bar Gida Tun Ranar Laraba

A ƙauyenmu da ke kan tudu sama da Galkot, in ana neman macen da ba ta ruɗewa, Kaushila Pun ake nunawa. Shekara bakwai mijinta Tek yana ƙasar Japan yana gasa gurasa a wani gidan abinci, ita kuwa tana riƙe da gida: ɓauna biyu, gonar tamba mai hawa-hawa, uwar mijinta Ama Dilmaya, da 'yarta Asmita mai shekara tara. Ran da ƙasa ta zaftare ta cinye hanyar kasuwa, maza suna tsaye suna shawara ta goya kwandonta ta bi ta kan dutse. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta son a faɗa mata abu sau biyu. To, sai ga takardar izinin zama ta fito musu ita da yarinyar. Tun daga ranar kan Kaushila ya ɗaure.

Tek kan kira ta a waya wajen hantsi, lokacin hutunsa, fuskarsa duk maiƙo, ya yi ta zuba umarni.

"Ki saya mata farin takalmi na cikin aji."

"Na cikin aji kuma? Wanda ta taka ta je da shi fa?"

"A ƙofa ake ajiyewa. Kuma kada ki wahala da kwanon abinci, makaranta ke ciyar da su. Su ne ma ke share ajin da kansu."

"Baban Asmita, wai makaranta za mu kai ta ko aikatau?"

Malamin yarinyar ya ce a dage mata da Turanci. Tek ya ce a bar wannan, can Turanci ba ya saya maka ko ruwan sha. Maƙwabciyarsu Didi Humkala, wadda ɗanta ma yana can, ta ce kada a kuskura a sa busasshen nama a akwati, karnuka gare su masu shinshina kaya. Ama kuwa ta rantse ɗanta ba zai tarbi matarsa hannu rabbana ba, ta cusa man shanu da busasshen ganyen miya har akwatin ya ƙi rufuwa. Sau huɗu Kaushila tana kai shi ma'aunin mai injin niƙa. Kullum ya yi nauyi, kullum ta cire wani abu, tana juya baya Ama ta mayar.

Ko shekarar haihuwar 'yarta sai da ta zama abin gardama. Ita dai ta san a kalandarmu ta haife ta a 2072, shekarar girgizar ƙasa. Fasfo ya ce 2015. Tek ya ƙara da cewa mutanen can da shekarun sarautar sarkinsu suke lissafi, a takardunsu yarinyar ta zo duniya a shekara ta ashirin da bakwai.

"Yarinya ɗaya, haihuwa uku," in ji Kaushila. "Ni dai sau ɗaya na yi naƙuda."

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cin ranta shi ne Asmita ba ta son tafiya. Ubanta a wurinta fuska ce a cikin waya, mai tambayar ko ta ci abinci. Tun da aka yaye ta a bayan kakarta take kwana, kuma ta faɗa wa uwarta ba kunya ba tsoro: "Ki je ki gaishe shi, ni ina nan wajen Bajai." Haka take kiran kakar tata. Rabin yaran ƙauyenmu haka suke, iyaye suna can, su suna hannun kakanni, sai su girma suna jin nauyin uwarsu kamar baƙuwa. Kaushila ta ɗau alkawari wa kanta nata ba zai zama haka ba. Ko ta tafi da 'yarta kafin a buɗe makarantar can, ko ta fasa gaba ɗaya.

Da malamin ya juya mata ranar tikitin zuwa kalandarmu, sai wata sabuwa ta ɓullo. Jirgi ran Litinin zai tashi daga Kathmandu. Asmita kuwa sai Juma'a take gama jarrabawa a ba ta takardar shaidar ajinta, kuma bayan azahar mota ba ta sauka daga tudunmu. Ga hanya da nisa, in suka jira Lahadi za su iya rasa jirgin. Ke nan Asabar za su bar gida. Ama ta dafe ƙirji. Ko yaron goye a nan ya san ba a rabuwa ran Asabar.

Aka je wa mai duba, ya buɗe littafinsa, ya ce abin ai da magani, ba yau aka fara ba. Su fita Laraba da safe da sunan tafiya, su sauka a gidan maƙwabta, su kwana uku a can. In Asabar ta yi, daga masauki suka tashi, ba daga gida ba. Sharaɗi ɗaya ne: da zarar sun ƙetare bakin ƙofa, kada ƙafarsu ta sake taka gidan, in ba haka ba tafiyar ta ɓaci.

Haka aka yi. Laraba da safe aka ajiye tulunan tagulla cike da ruwa dama da hagu na ƙofa. Ama ta manna musu jar shinkafa a goshi, ta ba su kindirmo suka lasa, ta rataya musu furanni. Mata suka yi kuka sosai. Kaushila ta ɗauki akwati, ta yi taku ashirin, ta ajiye shi a barandar Didi Humkala. Daga nan tana hango tabaryarta da ta manta a jingine, ɓaunarta tana kallonta tana neman a tatse ta. Didi Humkala ta kawo mata shayi ta ce, "Sannu da hanya, baƙuwa. Ya gajiyar tafiya?" Kaushila ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

Ran Juma'a da yamma Asmita ta dawo da takardar makaranta. Kaushila ta buɗe jakar takardu za ta saka, ta ga fasfo ɗaya. Nata. Ta zazzage jakar, ta zazzage akwati, man shanu da ganyen miya suka watse a baranda. Babu. Ta juya kan yarinyar.

"Ke Asmita, ina fasfonki?"

Asmita ta ɗaga kafaɗa tana kallon gidansu.

Kaushila ta ruga har bakin magudanar da ta raba tsakar gidajen biyu, ta ja birki a nan, yatsun ƙafarta a kan dutsen iyaka. "Ama! Fasfon yarinyar nan yana ciki. Ku duba mini saman kabad, ɗan ƙaramin littafi ne!"

Ama ta shiga, ta fito da katin rigakafin ɓauna.

"Ba shi ba ne, Ama! Mai hoto a ciki!"

Ama ta koma, ta fito da hoton bikin auren Kaushila.

"Wayyo ni! Littafi, Ama, littafi!"

Ta fito da kalandar bara, ta fito da littafin waƙoƙin ibada na marigayi mijinta, ta fito da takardar wutar lantarki. Maƙwabta suka taru kowa da tasa. Wannan ya ce a duba rumbun tamba, wancan ya ce a koma wa mai duba ko akwai wata dabarar. Didi Humkala ta naɗe zani za ta shiga ta duba da kanta, Ama ta tare ƙofa ta ce tun da take ba a taɓa yi mata binciken ɗaki ba. Ga waya kuma tana ta ƙara a hannun Kaushila, Tek ne yake son ya ji ko an sayi farin takalmi.

A cikin wannan hayaniya Kaushila ta lura da abu biyu. Asmita tana zaune tana cin gasasshiyar masara hankali kwance. Ama kuma, duk shiga da fitar da take yi, hannunta na hagu bai bar ɗamarar da ta naɗe ƙugunta da ita ba. Matar da ke gane allurarta a cikin duhun ɗaki, yau ita ce ba ta bambanta littafi da hoto?

Kaushila ta ɗaga ƙafa ɗaya sama da magudanar.

"Ke!" Ama ta daka mata tsawa. "Kada ki soma! So kike ki jawo wa jikata masifa a hanya?"

"To ku faɗa mini yadda zan yi, Ama," in ji Kaushila, ƙafar tana nan a sama. "In na shigo, tafiya ta ɓaci. In ban shigo ba, babu tafiyar. Wata biyu kowa yana gaya mini abin da zan yi, ban gane ko ɗaya ba. Ku ne kuka san al'ada. Wanda kuka zaɓa shi zan bi."

Ama ta daɗe tana kallon ƙafar nan. Sannan ta sa hannu cikin ɗamararta ta zaro fasfon, ya ɗan lanƙwashe saboda zafin jiki.

"Ran Talata yarinyar ta kawo mini shi ajiya," ta ce. "Na ce bari in riƙe kwana ɗaya kawai. Sai kwana ɗayan ya ƙi ƙarewa."

Asmita ta yar da masarar ta fashe da kuka. "Bajai, kin yi mini alkawari!"

Ama ta ƙetaro magudanar ta durƙusa gabanta. "Na yi, ja'ira, na kuma karya. Shekara bakwai ina kallon ɗana a cikin waya, na san ɗacinsa. Ba zan sa shi ma ya yi ta kallon tasa 'yar haka ba. Je ki ki cinye masa gurasa, ki yi ƙiba, in kin dawo in ƙi gane ki." Ta miƙa wa Kaushila fasfon ba tare da ta dube ta ba. Daga nan ta koma gida ta naɗo tabarmarta da bargonta. Didi Humkala ta tambaye ta ina zuwa, ta ce, "Su aka hana shiga. Ni wa ya hana ni fitowa?" A barandar maƙwabta suka kwana su uku, yarinyar a bayan kakarta.

Asabar da sassafe mota ta tsaya a bakin hanya. Kaushila ta nemi Ama don su yi sallama, ta same ta ta riga ta goya kwando, lauje a hannu.

"Ama, mota ta zo."

"Sallamar me kuma? Ai kun tafi tun Laraba. Yau Asabar, ni ba na rabuwa da kowa. Ciyawa zan yanko wa ɓauna."

Ta juya ta hau gangaren bayan gida, ba ta waiwayo ba. Kaushila ta zaunar da Asmita a gefen taga, fasfo biyu a cikin rigarta. Sau uku motar tana shan kwana kafin tudun ya ɓace musu, kuma a kowace kwana suna hango bayan tsohuwar a sunkuye cikin ciyawa. Laujen bai motsa ba ko sau ɗaya.